Fuskar da Ba a Cire wa Malama Jerusa Ba

Duk alkyabbar da wani yaro ya taɓa yafawa a firamaren Sirakwa ya ce shi jarumi ne, a kan kekena aka ɗinka ta. Saboda haka idan ana maganar Malama Jerusa Amoding, kada wanda ya zo ya ce zai ba ni labari. Ni ce Rispa, rumfar ɗinkina tana kallon ƙofar makarantar, abin da zan faɗa kuma da idona na gan shi.

Jerusa ba 'yar nan ba ce, aure ya kawo ta daga ƙasar Teso. Mijinta direban tarakta ne mai kai rake masana'antar sukari. Auren bai yi nisa ba tarakta ta kife da shi, ya tafi bai bar mata ɗa ba. Kowa ya zaci za ta tattara ta koma wajen danginta, amma ta yi zamanta a 'yar gonar mijin, tana noma gyaɗa da ganye, tana koyarwa. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana sai ta shiga cikin yara.

Yaranmu kuwa kun san su. A waje baki kamar rediyo, a aji malami ya yi tambaya sai kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa. Wata rana Jerusa tana zaune a rumfata muna shan shayi, ta hangi wasu sun fito daga gidan kallo na kasuwa, sun ɗaura buhunan taki a wuya, suna hawa suri suna dirowa, wai su jaruman nan ne masu tashi sama. Wanda ba ya iya faɗin sunansa a aji, ga shi a kan suri yana yi wa duniya jawabi. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta tambaye ni ko allurata za ta iya da buhu. Na ce mata allurata ta ɗinka tanti, buhu me ne ne. Daga nan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar ta samo asali.

Ba ta ba yaro takarda ya haddace. Sai ta yafa masa alkyabba ta tambaye shi mene ne ƙarfinsa, me kuma yake tsoro, don ta ce jarumin da ba ya tsoron komai ba ya da daɗin kallo. Idan mugu ne sai ta ɗora masa fuskar kwali ko ta ƙwarya, ta tsare shi da tambaya: me mugun nan ya ci da safe, wa ya ɓata masa rai, da wace ƙafa yake fara tafiya? Ta koya musu ɗauko murya daga ciki, ba daga maƙogwaro ba, har ka ji 'yar mitsitsiyar yarinya tana ruri ka waiga neman ƙaton da ya yi. Ƙa'idarta ɗaya ce, wanda ya yi jarumi a wannan zango shi zai yi mugu a na gaba. Iyaye sukan yi gunaguni, kowa yana son nasa ya fito da alkyabba, ita kuma ta yi kunnen uwar shegu da su.

A cikin yaran farko akwai Protus Situma, maraya, kakarsa ke riƙonsa. In'ina gare shi mai tsanani, kafin ya ce ina kwana shayinka ya huce. Ranar da Jerusa ta rufe masa fuska da ƙwarya ta ce shi ne Gunda, mugun da ke cinye masarar mutane a rumbu, yaron nan ya buɗe baki magana ta zubo ba gargada. Ni kaina sai da na ajiye almakashi. Ya yi wasan a ranar iyaye, ya yi shi da kyau fiye da kima, sunan kuwa ya manne masa. A kasuwa Gunda, a rafi Gunda, a coci ma Gunda. Masu awon masara sukan rufe buhu in ya doso, rabi wasa rabi gaske. Ya daina zuwa makaranta, in'inar ta dawo har ta fi da.

Mutanenmu haka suke, ba sa raba mai wasa da abin da ya zama. Jerusa ta gane haka, ta je ta ɗauko yaron daga bayan ɗakin kakarsa ranar kasuwa, ta tsayar da shi a gaban rumfata, ta sa masa fuskar. Da mutane suka taru sai ta cire ta da hannunta, ta ɗaga murya ta ce, “Gunda ya tafi. Wannan Protus Situma ne, jikan Nasambu.” Ta ce kowa ya amsa da barka da dawowa. Aka amsa ana dariya, amma abin ya ci, daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa Gunda. Tun daga nan ya zama al'ada. Ba a tashi daga wasa sai jarumi ya cire wa mugu fuska a gaban jama'a, ya kira cikakken sunansa, jama'a su yi masa barka da dawowa. Saboda Situma aka fara wannan, ku riƙe shi da kyau.

Ta riƙe yaron nan kamar ita ta haife shi. Tuwon masara da ganyen gidanta ya ci ya girma, wandonsa na sakandare ni na ɗinka, ita ta kawo yadin. Mama yake ce mata. Da ya gama kwalejin malamai aka turo shi makarantarmu, ranar Jerusa ta yanka kaza, ta yi ta gaya wa mutane ɗanta ya dawo. Ya zama mataimakinta a ƙungiyar, ya koma ce mata Malama, wai don yara.

Shekarar da abin ya faru, wasan da suka shirya na Haɗiyau ne, wata tsohuwar muguwa da ke bi aji aji tana haɗiye muryar yara, da jaruma Walƙiya wadda za ta ƙwato muryoyin. Wasa ne mai kyau, har ana cewa zai kai su gasar makarantu a birnin Bungoma. Ni na yi fuskar Haɗiyau da babbar ƙwarya, na fafe mata baki har kunne, na yi mata gashi da zaren buhu. Ana saura kaɗan ranar iyaye, uban yarinyar da za ta yi Haɗiyau ya zo ya janye 'yarsa, ya ce ba za a mayar masa da ita mayya ba. Sauran iyaye suka bi sahu. Jerusa ta ce to ita za ta sa fuskar.

Na ce mata kada ta yi. Na ce ke baƙuwa, ke gwauruwa, ke ba ɗa, kina zaune ke kaɗai a bakin rake, me kike nema da fuskar mayya? Ta yi dariya ta ce ai za a cire mata. Sai dai yarinya ba za ta kai hannu kan malamarta ba, bai dace ba, don haka Situma ne zai hau ya cire. A gabana ta gaya masa, ya dafa ƙirji ya ce wannan ai ba sai an roƙe shi ba.

Ranar kuwa ta yi wasa. Ta ranƙwafa, ta ja ƙafa, ta ɗauko wata murya daga can ƙasan ciki, har mata suka riƙa jawo 'ya'yansu jiki. Namaemba, yarinyar da ta yi Walƙiya, ta kayar da ita, aka yi ta tafi. Jerusa ta durƙusa a tsakiyar fili da fuskar a kanta tana jira. Lasifika tana hannun Situma. A daidai lokacin hadari ya taso, babban baƙo daga ofishin ilimi ya duba agogo, hedimasta ya yi wa Situma alama da ido. Sai na ji Situma yana cewa yanzu za a saurari jawabin babban baƙo. Tana nan durƙushe har yayyafi ya fara, mutane suka watse da kujeru a ka. Da kanta ta tashi ta shige ofis da fuskar a kanta.

Wannan kam da an yafe, ruwa ne, kowa ya gani. Ta ce wa Situma su cire fuskar ranar Litinin a taron safe, ya ce hedimasta ya ce jarrabawa ta matso. Ta ce to ranar kasuwa, ya ce yana da taro a Bungoma. Yara suka fara kiranta Haɗiyau a bayan ido, tana jin su tana murmushi.

Sai Namaemba ta kwanta. Zazzaɓi ne mai zafi irin wanda ke taɓa kai, aka kai ta asibiti, ta tashi da rai amma ba magana. Ido biyu, tana ci tana sha, ba ta cewa uffan. Likita ya ce a yi haƙuri, yakan faru, takan dawo a hankali. Wa ya saurari likita? Gari ya ɗauka: yarinyar da ta kayar da Haɗiyau ce, kuma ba a cire fuskar ba, abin yana nan a jikin matar. Nan da nan aka tono mutuwar mijinta, aka tuna ba ta haihu ba, wata ma ta rantse ta ga wuta tana yawo a gonarta.

Aka kira taron iyaye a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta makaranta. Na rufe rumfa na je. Jerusa ta miƙe ta yi bayani a natse, ta ce wasa ne, ƙwarya ce, Rispa ce ta fafe ta. Na ce ƙwarai, kuma wanda ke so in fafe masa irinta ya kawo ƙwarya. Aka ce in zauna. Wani dattijon coci ya ce su ba ƙwaryar ce ta dame su ba, muryar ce, mace ba ta irin wannan murya. Jerusa ta juya ta dubi Situma, fuskarta har da ɗan haske, ta ce ga wanda ta koya wa tun yana ƙarami, ya nuna musu yadda ake yi.

Ya miƙe yana gyara wuyan riga. Bai dube ta ba.

“Iyayena, ni ba zan yi wa kowa ƙazafi ba,” in ji shi. “Amma tsakani da Allah, na daɗe ina aiki da Malama, ban taɓa jin wannan muryar ba sai ranar. Shi ya sa hannuna ya kasa zuwa kan fuskar.”

Kun ji fa. Ba ruwa ba ne, ba agogon baƙo ba ne, wai hannunsa ne ya kasa. Yaron da muryar nan ta warkar wa in'ina, wanda na sha jin su biyu suna gwada ta a bayan rumfata suna dariya. Na tashi na kira shi Gunda a gaban kowa, na ce ashe masu awon masara sun fi mu gani. Mata biyu suka fitar da ni. Ana fita da ni na waiga, na ga Jerusa ta koma ta zauna a hankali.

An ce mata ta ɗan huta har ƙura ta lafa, hutun ya zarce ya zama ritaya. Situma ya karɓi ƙungiyar. Ya sa wani ƙaton yaro ya yi Haɗiyau, ya sauya sunan, ya kai wasan Bungoma, suka dawo da kofi a bayan motar rake ana kaɗe-kaɗe. Al'adar cire fuska kuwa ya soke ta, ya ce tana cin lokaci. Bayan wasu watanni muryar Namaemba ta dawo kamar yadda likita ya faɗa, mutane suka ce to ga shi nan, an kori matar ta saki yarinya.

Ba a ƙona mata ɗaki ba, ba a jefe ta ba, kada in yi wa garinmu ƙarya. Abin da aka yi mata a hankali aka yi shi. Ta kai gyaɗa kasuwa ta dawo da ita. A coci bencin da ta zauna sai ya zama nata ita kaɗai, sai ni. Yara idan sun hango ta sai su toshe baki da hannu su wuce da gudu, kada ta haɗiye musu murya. Matar da ta buɗe bakin rabin garin nan! Na sha bin su da sandar awo, ita ce ma take hana ni, ta ce ba laifinsu ba ne. Na ce ta koma Teso, ta ce da wane suna za ta koma. Ta ce a nan aka sa mata fuskar, a nan za a cire.

Shekaru suka tafi, Situma ya zama hedimasta, ya yi tumbi, ya sayi babur. Ya taɓa aiko mini da yadi in ɗinka alkyabbu, na mayar masa da shi yadda ya zo. Sai ga shi wata ranar Asabar da la'asar a gidan Jerusa, ina can ina taya ta ɓarar gyaɗa. Ya zo da sukari da ganyen shayi da burodi, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce, “Mama.” Na ce yau kuma Mama ce, wa ya mutu? Ya ce Inna Rispa a yi haƙuri. Ashe 'yarsa ce, Nabalayo, ta gado in'inarsa, an kai ta wurin addu'a an kai ta asibiti ba sauƙi, ta fara ƙin makaranta.

Na so Jerusa ta kore shi, Allah ya sani na so. Ta ce ya kawo yarinyar, wannan ba sai da sharaɗi ba. Ya fara wani dogon zance na cewa lokacin yana yaro ne, tsoro ya ji, hedimasta ya matsa masa, ya durƙusa zai nemi gafara. Ta ɗaga masa hannu.

“Ba a nan ba, Protus. Ka fi kowa sanin inda ake yi. Fuskar tana nan a rataye.”

Ya ce ranar iyaye mai zuwa, da bakinsa, da hannunsa, a gaban kowa. Har da hawaye.

Ya riƙa kawo yarinyar, amma ta hanyar cikin rake, kada a gan su. Na nuna wa Jerusa wannan, ta ce in bar shi, a hankali ake komai. Ta sa na ɗinka wa Nabalayo 'yar alkyabba ja da tsohon zanenta na coci. Ta yafa mata, ta tambaye ta mene ne ƙarfinta, me take tsoro. Na ga Jerusa ta dawo mutum a watannin nan, tana rarrafe a tsakar gida da tsufanta tana zama dodo, yarinyar tana kayar da ita tana ƙyalƙyala dariya. Kafin rake ya isa yanka, Nabalayo tana magana tiryan-tiryan.

Ranar iyaye Jerusa ta yi wanka da sassafe, ta sa farar rigarta da na rage mata don ta rame, ta naɗe ƙwaryar a zane ta sa a kwando. Tun a hanya take tambayata ko ɗankwalinta ya zauna daidai, don idan aka cire fuskar kada a gan ta a hargitse. Ba a ba mu kujera a rumfar baƙi ba, muka zauna a benci a rana, mutane suka matsa suka bar mana fili.

Aka yi waƙoƙi, aka yi rawa. Nabalayo ta fito da jar alkyabba ta yi dogon jawabin jaruma, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, fili ya ɗauki tafi. Jerusa ta matse hannuna har sai da ya yi zafi. Situma ya karɓi lasifika. Ya gode wa Allah da ya buɗe bakin 'yarsa, ya gode wa fasto da ya yi azumi a kanta, ya gode wa matarsa, da babban baƙo, da wanda ya ba da aron tanti. Jerusa ta kwance zanen, ta ɗora ƙwaryar a cinya. Idonsa ya zo kanmu, na ga ya gan ta, ya ga ƙwaryar. Ya dubi dattawan coci a layin gaba, sannan ya ce da wannan aka kawo ƙarshen taro.

Na yunƙura zan tashi, ta riƙe ni ta ce in zauna. Ita ta tashi. Ta taka zuwa tsakiyar filin, daidai inda ta durƙusa a wancan karon, ta ɗora ƙwaryar a kanta. Yara suka toshe baki. Ta tsaya tana fuskantar Situma, ta ba shi lokaci, mai yawa ma. Bai motsa ba, yana ta duba wayar lasifika kamar ta lalace. Sai ta kai hannu biyu ta cire da kanta, ɗankwalin ya zame, furfura ta bayyana.

“Haɗiyau ta tafi,” ta ce, da muryarta ta aji. “Wannan Jerusa Amoding ce, matar marigayi Khaemba, malamarku.”

A filin nan akwai ɗalibanta sun fi a ƙirga, wasu da 'ya'ya a baya, duk sun san abin da ake amsawa. Namaemba ma tana nan da goyonta, ta sunkuyar da kai. Na miƙe na ce barka da dawowa, da duk ƙarfin da ya rage mini, muryata ta fita ita kaɗai. Can a rumfar baƙi na ga Nabalayo ta miƙe da alkyabbarta ta buɗe baki za ta amsa, uwarta ta kai hannu ta toshe mata shi.

Situma ya busa lasifika ya ce abinci ya sauka, a bar baƙi su fara. Mutane suka tashi suka bi ta gefen Jerusa hagu da dama. Na je na tsinci ɗankwalinta a ƙasa na kakkaɓe, na ɗaura mata, ita kuwa har lokacin Situma take kallo.